Yaran da ke raɓe a gidajen mutane: yadda makaranta a Amurka za ta gano su, ta kuma riƙe su

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ina aiki a ofishin wata ƙaramar gundumar makarantu a nan Amurka, ɗalibanmu wajen 5,000. Bana aka ƙara mini aikin kula da ɗaliban da ba su da matsuguni a kan aikina na da. Da na buɗe rajistar bara, sunaye 12 kacal na tarar, shugabanmu kuma ya ce garinmu ba shi da wannan matsalar. Ni ma gaskiya ban taɓa ganin yaro yana kwana a titi a nan ba. Shin haka abin yake, ko akwai waɗanda ba mu gani? Idan akwai, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya taya ki riƙo. Na yi shekaru a kan irin kujerar da aka ɗora ki, kuma ni ma da rajista mai sunaye kaɗan na fara, don haka ɗauko biro mu yi lissafi tukuna. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, makarantun gwamnati a faɗin Amurka sun ba da rahoton ɗalibai kusan miliyan 1.4 marasa matsuguni. Ɗaliban makarantun gwamnati gaba ɗaya ba su cika miliyan 50 ba, ke nan cikin kowane 100 akwai kusan 3. Idan garinku tsaka-tsaki ne, ba na attajirai zalla ba, ɗalibai 5,000 sai su ba ki wajen 140. Kuma wannan adadi na ƙasa waɗanda aka gano ne kawai. A birnin New York, a shekarar 2023 zuwa 2024, sama da ɗalibai 146,000 aka ƙirga, ɗaya cikin kowane takwas. Garinku ba New York ba ne, na sani, amma 12 ba adadin yaran ba ne, adadin waɗanda suka yi ƙarfin halin faɗa ne.

Shugabanki ba ƙarya ya yi miki ba. Hoton da ke kansa shi ne na mutum a ƙarƙashin gada da kwali da bargo, kuma yara ƙalilan ne ke wannan halin. Kimanin uku cikin huɗu na ɗaliban da ake ƙirgawa suna kwana ƙarƙashin rufi ne, amma rufin wani. Suna raɓe a falon kawu, ko ɗakin ƙasa na wata ƙawar uwa, ko su biyar a ɗaki guda a gidan ɗan garinsu. Sauran suna shelta, wato gidan mafaka na marasa matsuguni, ko ƙananan otal-otal na bakin titi da ake biya mako-mako. Masu kwana a mota ko fili su ne mafi ƙaranci.

Dokar da ta ba ki wannan aiki ita ce McKinney-Vento. Shugaba Reagan ya sa mata hannu a 1987 da sunan Stewart McKinney, ɗan majalisa daga Connecticut, aka ƙara sunan Bruce Vento na Minnesota a 2000 bayan rasuwarsa. Gyaran da aka sa wa hannu a farkon 2002 shi ya wajabta wa kowace gunduma ta naɗa jami'in tuntuɓa irinki, ko tana karɓar kuɗin shirin ko ba ta karɓa, sannan dokar ilimi ta 2015 ta ƙara masa ƙarfi. Ma'anar da ta bayar a kan abu uku ta tsaya: wurin kwanan yaro tsayayye ne, nasa ne kowane dare, kuma wadatacce ne? In ɗaya ya faɗi, yaron ya shiga. Dokar ta ambaci zama a gidan wasu saboda rasa gida ko matsin tattalin arziki ko wani dalili makamancin haka, ta ambaci otal da sansanin tirela idan babu wani wuri mai kyau, da shelta, da mota, da kango, da tashar bas ko ta jirgin ƙasa, da gidan da bai cancanci zaman ɗan adam ba.

Ki kiyaye da wani ruɗani. Ma'aikatar gidaje ta tarayya tana da tata ma'anar, mai ƙunci, kuma ƙidayar da take yi a dare ɗaya cikin watan Janairu ba ta haɗawa da masu raɓe. Don haka wani zai kawo miki adadin wannan ƙidayar ya ce ai duk lardin mutum kaza ne. Ke ba da wannan ma'aunin kike aiki ba. Iyali za su iya zuwa ofishin gidaje a ce ba su cancanta ba, su zo wurinki ki ce sun cancanta, kuma duk ku biyun kun bi doka.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya, musamman ga mu da muka taso inda muka taso. Mu zama a gidan ɗan'uwa ba abin magana ba ne. Ɗan yayarka ya zo ya zauna shekara uku, babu wanda zai ce ba shi da gida. Haka abin yake wurin mutanen Latin Amurka da Somaliyawa da sauran baƙi da yawa. Shi ya sa kike iya kallon iyali biyu a gida ɗaya ki ce ai zumunci ne, ki wuce. Wani lokacin zumuncin ne tsantsa: kaka da 'ya'yanta da jikoki sun zaɓi su zauna tare, kowa da ɗakinsa, ana raba haya, sunan kowa na kan takarda. Wannan ba rashin matsuguni ba ne, kada ki rubuta su. Abin da za ki bincika shi ne dalilin zaman da kuma ƙarfin zaman. Me ya faru kafin su dawo nan? An tashe su ne saboda bashin haya, ko gobara, ko aiki ya tsaya, ko aure ya mutu, ko uwar ta gudu daga duka? Sunansu yana kan takardar haya? Suna da makulli? Yaran a kan gado suke kwana ko a ƙasan falo? Tambayar da ta fi yi mini amfani ita ce: idan yau kuka sami saɓani da masu gidan, ina za ku kwana gobe? Wanda ya yi shiru ya sunkuyar da kai ya riga ya ba ki amsa. Mutanenmu sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma zaman raɓe a ƙasar da mai gidan haya zai iya korar mai masaukin naka don ya tara mutane fiye da yarjejeniya, bai cika yin tsawon rai ba.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Malamar aji ta turo mini sunan 'yar wannan matar saboda tana barci a darasin farko kusan kullum, ga shi yarinya ce mai ƙoƙari. Na kira uwar, da na ji harshenta sai na juya zuwa Hausa, muka gaisa har da tambayar mutanen gida. A lokacin ina sabuwa, sai bakina ya suɓuce na ce ni ce mai kula da yara marasa gida. Ta ce, "A'uzu billahi, Hajiya! Mu ba mu rasa gida ba, muna wurin yayata." Ta kashe waya. Sai da na yi mako biyu ina lallashi kafin na ji labarin: mijin ya yi haɗari da motar haya, kuɗin hayar gida ya taru, an fitar da su, su shida suna falon yayar a wani gari daban. Yarinyar ba ta iya kwanciya sai masu gida sun gama kallo, kuma tun da asuba uwar ke fitowa da ita su hau bas biyu, don tana tsoron kada makaranta ta san sun bar unguwar a kori yarinyar. Abin da take ɓoyewa shi ne ainihin abin da zai sa a turo wa 'yarta mota kyauta. Tun daga ranar ban sake furta wannan kalmar ga iyaye ba. Cewa nake akwai wata doka da ke taimaka wa iyalan da ke zaman wucin gadi, bari mu duba ko ta shafe ku.

Wannan ya kawo mu kan fom. Ki sa a saka takardar tambayar wurin zama a cikin takardun shiga makaranta na kowane ɗalibi, ba na waɗanda aka ga alamar talauci a jikinsu kawai ba, kuma a sake rabawa kowace shekara. Idan kowa ke cikewa, babu wanda zai ji an nuna shi da yatsa. Kada fom ɗin ya tambayi ko ba ku da gida. Ya jera yanayin zama, mutum ya zaɓa: gidanmu na haya ko na kanmu, tare da wani iyali na ɗan lokaci saboda mun rasa namu, otal, shelta, mota, ko ɗalibin ba ya tare da iyayensa. A fassara shi zuwa harsunan da ake yi a garin. A ƙasa ki sa layin sunayen ƙannen da ba su shiga makaranta ba, domin su ma suna da haƙƙi, kuma shirin Head Start na ƙananan yaran da ba su kai shiga makaranta ba yana karɓar yaran irin waɗannan iyalai ba tare da duba kuɗin shigar iyayensu ba.

Amma fom a watan Agusta yake aiki, mutane kuwa a watan Nuwamba da Fabrairu ake tashinsu. Saboda haka idanunki na gaskiya su ne ma'aikata. Fara da sakatarorin gaban ofis, su ne ƙofa. Sakatariyar da ba ta san dokar ba za ta ce wa uwa ta je ta kawo takardar haya da takardar wuta, uwar ta tafi, ba za ta dawo ba, ke kuma ba za ki taɓa jin labarinta ba. Ki koya musu cewa duk wanda ya ce ba ni da takardar haya, ko muna wurin 'yan'uwa, ko mun ɗan koma wani wuri, ba a mayar da shi, ke ake kira. Bayan su sai direbobin bas. Direba ne ke fara sanin cewa yaro ya daina fitowa daga gidan da ya saba, yanzu mota ke sauke shi a tasha, ko yana roƙon a ajiye shi kusa da wani otal. Masu rabon abinci sun san wanda ke cusa burodi a aljihu ranar Juma'a. Nas ta san wanda ya zo da kaya iri ɗaya kwana huɗu, ko wanda maganin asmarsa ya ɓace a wajen ƙaura. Mai shara ya san wanda ke zuwa kafin a buɗe ƙofa ya yi wanka a banɗakin 'yan wasa. Minti ashirin a taronsu na farkon zango ya fi miki takarda mai shafi talatin da za ki aika ta imel.

A ofis kuma akwai alamun da ke kwance cikin kwamfuta ba wanda ya duba. Wasiƙun da gidan waya ya dawo da su. Adireshi ɗaya mai sunayen iyali uku. Yaron da ya canza makaranta sau biyu cikin shekara. Ki rubuta adireshin kowane ƙaramin otal da shelta da sansanin tirela a yankinku, ki sa mai kula da bayanai ya gwada su da adireshin ɗalibai. Sai rajistar fashi: yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, wato kwana 18 cikin 180, an sa shi a sahun masu yawan fashi, kuma a 'yan shekarun nan kusan rabin ɗalibai marasa matsuguni suna wannan sahun. Kafin a aika wa iyaye wasiƙar barazanar kotu saboda fashi, a bari ki kira su tukuna. Daga nan ki fita waje: masu rabon abinci kyauta, ɗakin karatu na gari, wurin wankin kaya na kuɗi, coci-coci, masallatai. Liman da shugabar ƙungiyar mata sun san wanda aka fitar daga gida tun kafin kayansa su gama sauka. Ba sunaye za ki nema a wurinsu ba, lambarki za ki bar musu. Idan kuma wata masifa ta auku, gobara ko ambaliya ko guguwa, washegari ki nemi jerin ɗaliban da ke wannan adireshin. Gobarar da ta tashi a wani dogon bene a Bronx, cikin birnin New York, a watan Janairun 2022, wadda ta ci rayuka 17, akasarinsu 'yan asalin Gambiya, ta bar iyalai da dama a otal, kuma duk yaran da suka koma otal ko gidan dangi a dalilinta dokar nan ta shafe su tun daga daren.

Mutane ba sa ɓoyewa a banza, kuma sai kin san abin da suke tsoro kafin ki iya kwantar musu da hankali. Suna tsoron a kori yaro daga makaranta. Suna tsoron hukumar kare yara ta ƙwace musu 'ya'ya. Suna tsoron jawo wa mai masaukinsu fitina da mai gida. Baƙi kuma suna tsoron shige da fice. Ki gaya musu a fili cewa talauci da rashin gida su kaɗai ba sakaci da yara ba ne, amma kada ki yi alkawarin da ba za ki iya cikawa ba, domin in kin ga alamar cutar da yaro, doka ta tilasta miki kai rahoto. Ki gaya musu bayanin wurin zaman ɗalibi yana cikin bayanan da doka ta hana makaranta bazawa. Batun takardun zama kuwa, tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Plyler da Doe cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayinsa na shige da fice, don haka ba ki da dalilin tambaya. Abu ɗaya da nake roƙonki: kada ki taɓa kiran mai gidan haya don tabbatar da labarin iyali, kada ki bari wani ya kira, kada kuma a tilasta wa mai masauki ya sa hannu a takardar rantsuwa. Na ga inda kiran waya ɗaya irin wannan ya sa iyali biyu suka rasa gida maimakon ɗaya. Za a ce miki ai wasu za su yi ƙarya don su sami makaranta mai kyau. Ana samu, amma kaɗan ne, kuma in an shigar da yaro aka gano ba haka ba ne, ana iya gyarawa daga baya. Makonnin da yaro ya yi a zaune a falon mutane ana bincike, su ba sa dawowa.

To, kin gano yaro, me yake da shi? Na farko, a shigar da shi makaranta nan take, ko babu takardar haihuwa, ko katin rigakafi, ko sakamakon tsohuwar makaranta, ko shaidar adireshi. Nan take na nufin ya shiga aji ya fara karatu, ke kuma ki bi sawun takardun. Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi tsada, yana da haƙƙin ci gaba da zama a makarantarsa ta asali, wato wadda yake zuwa kafin su rasa gida ko wadda ya yi rajista a ƙarshe, ko da sun koma wata gunduma. Doka ta ɗauka cewa zamansa a can shi ne maslaharsa sai in iyaye ba sa so ko an nuna akasin haka, kuma haƙƙin yana nan har ƙarshen shekarar karatun da suka sami gida na dindindin. Idan iyaye suka nema, dole a kai shi a dawo da shi. In abin ya haɗa gundumomi biyu kuma suka kasa daidaitawa, doka ta ce su raba kuɗin biyu daidai. A nan za ki sha gumi da ofishin sufuri, don haka ki ƙulla zumunci da mai tsara hanyoyin bas tun kafin ki buƙace shi. Wani lokacin katin bas na gari ko kuɗin mai ga uwa ya fi sauƙi da sauri.

Abinci kyauta ba ya buƙatar fom. Ki aika sunan yaro ga ofishin abinci da sa hannunki, shi ke nan, har ƙarshen shekara. Idan kuma makaranta ta ƙi amincewa da abin da iyaye suka nema, dole ta ba su dalili a rubuce tare da bayanin yadda za su ɗaukaka ƙara, yaron kuma yana cikin makarantar da suka nema har a gama.

Manyan yara na sakandare su suka fi ɓacewa. Akwai waɗanda ba sa tare da uwa ko uba ko mai riƙo na doka, yau suna gidan aboki, gobe gidan wani. Wasu an kore su, wasu sun gudu, wasu an tsare iyayensu ko an mayar da su ƙasarsu. Irin wannan yaron shi da kansa zai iya yin rajista, ke ce za ki tsaya masa. Nan ma ki bambance da riƙo irin namu: yaron da iyayensa suka turo wurin gwaggonsa don karatu, da shiri, yana da gadonsa, ba ya ciki. Wanda ya faɗo gidan gwaggo saboda gidansu ya watse, kuma gwaggon na cewa sai dai na ɗan lokaci, yana ciki. Ki tabbata an ba su makin aikin da suka yi a tsohuwar makaranta ko da ba su kai ƙarshen zango ba, domin yaron da aka ce ya maimaita darasin da ya yi wata uku yana yi, sau da yawa daina zuwa yake. Kusan kashi 68 cikin 100 na waɗannan ɗalibai ne ke gama sakandare a kan lokaci, alhali na ƙasa baki ɗaya ya haura 85. Kuma kafin su fita, ki rubuta wa kowane ɗan ajin ƙarshe marar matsuguni da ba ya tare da iyaye takardar shaida don fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatun jami'a. Da ita zai nema a matsayin mai zaman kansa ba tare da bayanan kuɗin iyaye ba. Minti biyar za ta ɗauke ki.

Za ki tambaye ni kuɗi. Ba su da yawa. Kason tarayya na wannan shirin dala miliyan 129 ne a 2023, ga ƙasa baki ɗaya, jihohi ke rabawa ta hanyar gasa, kuma yawancin gundumomi ba sa samu. Dala miliyan 800 da aka ware a 2021 lokacin korona wa'adinsu ya wuce. Abin da ke hannunki shi ne kason da ake kira Title I, na makarantun da ke da yaran talakawa: duk gundumar da ke karɓarsa dole ta keɓe wani abu don ɗalibai marasa matsuguni, kuma ana iya kashe shi a kan sufuri, tufafi, tabarau, kuɗin jarrabawa, har da albashin mai irin aikinki. Ki je ki tambayi mai riƙe da wannan asusun nawa aka keɓe bana kuma da wane lissafi. In da sunaye 12 aka yi lissafin, kin ga inda rashin ganowa yake cin yaran sau biyu.

Ki shirya wa shugabanki zuciya tun yanzu: adadin zai tashi, wataƙila ya ninka sau da yawa a shekarar farko, kuma wani a hukumar makarantu zai tambaya me ya lalace a garin. Ki gaya masa kafin a tambaye shi, ki nuna masa lissafin da muka yi a sama, ki kuma nemi a rage miki wani abu daga tsohon aikinki, domin doka ta ce jami'in tuntuɓa ya zama mai iya sauke nauyin da aka ɗora masa. Kowace jiha tana da babban jami'in wannan shirin a ma'aikatar iliminta. Ki kira naku cikin makon nan, ki nemi samfurin fom ɗin jiha, da ranar horon sababbin jami'ai, da lokacin da za a sake buɗe neman tallafi. Sannan ki ɗauki sunayen nan 12, ki duba ko suna da yayye ko ƙanne a wasu makarantunku da ba a rubuta ba. Ni a nan na sami ƙarin sunaye na farko.